Mai Rediyo da Injin Wankin Auta

Har yau Mai Rediyo ake ce masa, ko da yake shi kansa ba zai iya tuna rabon da a kawo masa rediyo gyara ba. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da yake zama a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya a bakin titi, tsakanin mai facin taya da mai sayar da fenti. Da rediyo ta ja baya sai ya koma kan fanka da dutsen guga. Da mutane suka fara sayen injin wanki, ya je wurin masu tsofaffin ƙarafa ya ɗauko wani matacce, ya baje shi a tsakar gida, ya mayar, ya sake bajewa, har matarsa ta ce in bai kwashe hanjin abin nan daga hanyar kicin ba za ta haɗa da tsintsiya. Haka ya koya. Babu wanda ya kama hannunsa, kuma ba ya gajiya da faɗin wannan magana.

In aka kira shi gida ba ya gaggawar buɗe jaka. Sai ya jawo kujera ya zauna gaban injin, ya ce a kunna, ya karkata kai kamar mai sauraron ƙorafin maƙwabci. In injin yana gurnani amma gangar da ake zuba kaya ba ta juyawa, bel ɗin da ke juya ta ne ya zame. In ya tsaya da ruwa a cikinsa yana nishi, wani abu ya toshe matatar da ke ƙasa. In yana rawa yana tafiya a lokacin matse kaya, ko dai ƙafafunsa ba su zauna daidai ba, ko matar gidan ta jefa bargo ɗaya shi kaɗai ya dunƙule a gefe guda. Yakan ce yawancin injinan da ake kira matattu ba su mutu ba, fushi suke yi, kuma kusan kullum suna da gaskiya.

'Ya'yansa maza babu wanda ya kalli jakar nan sau biyu. Sun girma sun yi nisa, kowa da abin da ya sa a gaba. Auta ce ta tashi a shagon. Tana tasowa daga makaranta za ta ajiye jakarta a ƙarƙashin benci, ta riƙe masa tocila, ta tattara masa ƙananan noti a murfin gwangwani. Sai dai duk zaman da ta yi a gefensa bai taɓa koya mata komai ba. In ta tambayi me ya sa ya kwance wannan bai kwance wancan ba, sai ya ce ta bar wahalar da kanta, ai yana nan. Shi ya sa duk abin da ya tsaya a hannunta, daga agogon hannu har zik ɗin jaka, wurinsa take kawowa ta ce, “Baba, ya lalace.” A duniya babu maganar da take yi masa daɗi kamar wannan.

Da ido ya yi rauni, hannu ya fara 'yar rawa, sai ya rufe shagon. Yanzu wasu samari ne a ciki suna sayar da cajar waya, kuma in zai wuce ta nan yakan tsallaka ɗaya gefen titin. Masu kiransa suka yi ta raguwa har suka ƙare. Abin da ya rage masa inji ɗaya ne, na Auta.

Shi ya saya mata lokacin da ta haifi tagwayenta mata. Tun tana ƙarama garin sabulu ba ya shiri da fatar hannunta, in ta daɗe a cikin kumfa sai yatsun su yi ja su tsage. Ya samo injin na hannu, ya canza masa bel da robar ƙofa, ya kai shi gidan da kansa. Gidan nasu a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo, da wani ɗan lungu a bayan banɗaki inda injin ya shiga cif. Babu ruwa a lungun, don haka ya jawo bututu daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, ya huda bango ya fito da shi. Ya sa famfo a bayan injin inda kowa yake gani. Ya kuma sa wani ƙarami a can ƙarƙashin wurin wanke-wanken, inda bututun ya rabu, saboda ko wata rana za a yi aiki. Da aka jera bokitai da robobin sabulu a wurin, ƙaramin famfon ya ɓace wa ido, kowa ya manta da shi in ban da wanda ya sa.

Injin tsoho ne, ga kayan jarirai biyu, don haka ba a daɗewa waya take ƙara. Ya ƙi zubar da ruwa, ko yana wari, ko ya yi tafiya har ya tokare ƙofar banɗaki. Mai Rediyo sai ya sa rigarsa ta fita, ya ɗauki jaka, ya hau bas. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba sai ya ja shi har la'asar. Auta za ta kife bokiti ta zauna a gefensa da tagwaye a cinya, ta ba shi labarin maƙwabta da na asibiti da na tsadar madara, shi kuma yana ta ƙwanƙwasa gefen injin yana girgiza kai. In lokacin buɗe 'yar ƙofar matatar ya yi, sai ya aike ta ta kawo tsumma. Kafin ta dawo ya zare safar jariri ko ƙarfen kitso ya rufe. Matarsa ta san wannan dabara. Takan ce masa duk wanda ya ga yadda yake shiri zai ɗauka jirgin sama aka kira shi ya gyara.

Mijin Auta mai aski ne, shagonsa yana kusa da tashar bas. Yaro ne mai fara'a, mai ladabi, in ya ga surukinsa gaisuwa har ƙasa. Shi yake yi wa Mai Rediyo aski, a hankali, da ruwan ɗumi, kuma bai taɓa yarda ya karɓi komai ba. Mai Rediyo ba shi da wani kuka a kansa. Abin da kawai yakan ce shi ne yaron nan hannunsa bai san komai ba sai almakashi, kuma yana faɗin haka ne da jin daɗi.

Sai wayar ta yi shiru. Da farko ya ɗauka injin ne ya samu lafiya, har yana yabon kansa. Da shirun ya yi tsawo, ya fara ce wa matarsa ta kira lambarsa ya gani ko wayar ce ta samu matsala. Ta kira, wayar ta yi ƙara a hannunsa, ta ce to ga shi an kira shi, ya zo ya gyara mata ƙofar kabad da ta shekara tana lilo. Bai yi dariya ba.

A bakin matar tasa ya ji. Sun yi hira da Auta, ta ce ai kwanaki injin ya tsaya da ruwa, mijinta yana gida, sai ya duba wayarsa ya ga hoton bidiyo na wani mutum yana nuna yadda ake yi. Ya ɗauko faranti mai faɗi ya tara, ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasa, ya murza a hankali ruwan ya tsiyaye, sai ga safa da maɓalli. Bayan haka ya daidaita ƙafafun injin ya daina rawa. Ya kuma gano cewa sabulu take cikawa, shi ya sa kumfa yake fitowa ta aljihun injin. Matar tasa tana ninke kaya tana ba da labarin, ba ta lura da fuskarsa ba, har ta kawo inda Auta ta ce ashe abin ba wuya.

Wannan kalma ta zauna masa a ƙirji kamar ƙashin kifi. Ya ce bidiyo ba ya jin ƙarar inji. Ya ce wanda ya buɗe matata sau ɗaya bai zama mai gyara ba, kamar yadda wanda ya yanke farce bai zama likita ba. Ya ce za su ɓata abin ne su zo suna nemansa. Matar ta ce to ai sai ya jira.

Ya jira. A cikin jiran ya daina zuwa shagon aski. Suma ta taru, gemu ya yi buzu-buzu, har ya je wani shago a can bayan kasuwa aka yi masa wani aski mai tudu da kwari. Matarsa ta zagaya shi ta duba ta ce wanda ya yi masa wannan ko a bidiyo bai koya ba. Da mai askin ya aiko da gaisuwa yana tambayar ko lafiya bai ga Baba ba, ya ce a gaya masa lafiya lau, ayyuka ne suka yi yawa.

Wata rana ya shirya ya tafi gidan ba tare da an kira shi ba. Ya ce wa kansa jikoki zai gani, amma jakar tana rataye a kafaɗarsa. Auta ta yi murna, ta kawo shayi, tagwaye suka hau shi suna jan gemu. Daga lungu yana jin injin yana aiki, yana juyi lafiya lau, babu ko tari. Ya tashi ya je ya tsaya a kansa. Ya dafa shi ya girgiza, bai motsa ba. Ya jira ya gama, ya buɗe ƙofa ya ɗaga leɓen robar, inda dauɗa take taruwa ta yi baƙi, ya tarar an goge tas. Auta tana bayansa tana cewa mijinta ne ya ce a riƙa gogewa, a kuma bar ƙofar a buɗe bayan wanki don kada ya yi wari. Tana faɗi tana murmushi irin wanda a da shi kaɗai ake yi wa a wannan lungu.

“Baba, yanzu kai ka huta,” in ji ta. “Ka daina wahalar bas saboda mu.”

Ya ce haka ne. Ya ce madalla. Sannan ya ce bari ya wanke hannu, ya shiga kicin.

Bai fito daga gida da niyyar ba, ko kuma haka yake gaya wa kansa. Ya buɗe famfo ruwa yana zuba, ya tsaya yana kallon labulen da ya rufe ƙarƙashin wurin wanke-wanken. Daga falo yana jin Auta tana raba faɗan tagwaye. Sai ya durƙusa, ya ture bokiti, ya laluba har yatsunsa suka taɓa ƙaramin famfon. Bai rufe shi duka ba, don in ruwa ya ɗauke gaba ɗaya ko yaro zai bi bututu. Ya murza shi har saura kaɗan, yadda ruwa zai riƙa zuwa siriri, injin ya jira ya gaji, ya yi kuka ya tsaya. Ya mayar da bokitin, ya miƙe da ƙyar, ya goge hannu. A lissafinsa gobe ko jibi za a kira shi, ya zo ya ƙwanƙwasa nan da can, ya aiki Auta tsumma, shi ke nan komai ya koma yadda yake.

Washegari ya sa aka goge rigar fita aka rataye a bayan ƙofa. Ya ajiye waya a aljihun gaba, in zai yi wanka ya ɗora ta a kan taga. Jibi ya zo ya wuce. Mako ya ƙare, rigar tana nan rataye. Ya fara tunanin ko yaron nan ya gano famfon, sai ya ji tsoro. Ya sake tunanin ko bai murza sosai ba, injin yana ta aikinsa, sai ya ji haushi. Da wayar ta yi ƙara wata safiya har ya kusa yar da kofi, ashe wani ne ya yi kuskuren lamba.

Matarsa ce ta je gidan ta dawo da labari. Ta ajiye mayafi ba ta ko zauna ba ta ce injin Auta ya mutu tun ranar da ya baro gidan, yarinyar nan da hannu take wanki, kayan yara biyu da tawul ɗin shagon aski, yatsunta duk sun tsage har tana ɗaure su da tsumma. Ya tambaya me ya hana ta kira. Matar ta ce ita ma ta tambaya. Auta ta ce mijinta ya ce zai gyara, kullum in ya taso daga shago yana kai, kuma ba ta so ta kira Baba a kansa ya ji kamar ta raina ƙoƙarinsa. Ta gwammace ta yi haƙuri da hannun.

Abu biyu suka taso wa Mai Rediyo lokaci guda, ya rasa wanda ya fi ciwo. Ga hannun Auta, wanda saboda shi ya sayi injin tun farko. Ga kuma wannan magana, wai tana tsare wa wani mutuncinsa, daga wurin wa, daga wurin ubanta. A da in abu ya lalace gudu take yi ta zo wurinsa. Yanzu shi ne wanda ake ɓoye wa. Ya sauke rigar daga bayan ƙofa.

Ya isa da azahar. Ƙofar a buɗe take. Auta tana zaune a kan 'yar kujera a bakin banɗaki, baho a gabanta, tana cuɗa rigar yara da tafin hannu don kada yatsun su shiga ruwa. Da ta gan shi ta yi saurin ɓoye hannayen a cikin zani. Amma ya riga ya gani. A lungu an jawo injin gaba, an cire murfinsa na sama. Mai askin ya rufe shago da rana tsaka, yana tsugune da singileti, gumi har gira. Ya shimfiɗa jarida a ƙasa ya jera duk abin da ya kwance a kai, kowane noti kusa da abin da ya fito daga jikinsa, kamar yadda yake jera almakashi da reza a kan teburinsa.

Ya miƙe ya gaishe da surukinsa, kunya ta rufe shi. Ba a tambaye shi ba ya fara bayani. Ya ce injin yana fara jan ruwa sai ya tsaya ya yi ta ƙara. Ya duba famfon baya, a buɗe yake. Ya duba tiyo ko ya lanƙwashe, bai lanƙwashe ba. Ya kwance tiyon ya wanke 'yar rariyar da ke bakinsa da buroshin haƙori. Ya ma tara bokiti ya ga ruwa yana fitowa. Da duk wannan bai yi ba, sai ya ce to bawul ɗin da yake buɗe wa ruwa hanya a cikin injin ne ya mutu, ya yi ta yawo a kasuwa har ya samo sabo, shi ne yake ƙoƙarin sawa.

Mai Rediyo yana ji yana gyaɗa kai, ransa yana ƙuna, don da shi aka kira gidan da bai sani ba, haka zai bi abin, ɗaya bayan ɗaya, babu tsallake. Kuskuren yaron guda ne. Ya ga ruwa a bokiti, amma bai san ƙarfin da ya kamata ruwan ya zo da shi ba. Wannan kuwa ba a gani a waya, sai wanda ya saba.

Maganar tana bakinsa. In ya ce a duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, aiki ya ƙare, kuma shi ne ya gano. Amma Auta ba yarinya ba ce. Za ta tambayi wa ya taɓa famfon da babu wanda ya san da shi, za ta tuna wa ya shiga kicin ranar. Ya dubi bahon, ya dubi zanin da ta naɗe hannu a ciki.

“Sa bawul ɗin,” ya ce. “Bari in sha ruwa in zo.”

Auta ta yunƙura za ta kawo masa, ya ce ta zauna, ya san hanyar kicin. Ya durƙusa a wuri ɗaya da na wancan karon, ya ture bokitin, ya murza famfon har ƙarshe. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda aikin yake bukata.

Da ya dawo mai askin yana fama da wani noti a kusurwa mai duhu. Mai Rediyo ya ɗauki tocila ya haska masa. Bai buɗe jakarsa ba. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce a tabbata an zare fulogi daga soket, yaron ya nuna masa fulogin a ƙasa, ashe tuni ya zare. Ya ɗaure tiyo, ya mayar da murfi, ya buɗe famfon baya, ya kunna. Ruwa ya shigo da ƙarfi har tiyon ya yi tsalle, ganga ta cika, ta fara juyi.

Auta ta tashi tsaye, ta manta da ɓoyon hannu. Ba ubanta ta kalla ba.

“Ka gani ko? Na ce maka za ka iya. Baba ko taɓawa bai yi ba!”

Mai askin yana ta share gumi yana dariya, yana cewa albarkacin zuwan Baba ne. Auta ta ce a'a, a bar wa mai aiki aikinsa. Ta juyo ta tambayi ubanta ko ba haka ba ne. Ya ce haka ne, yaron ya yi ƙoƙari. Kalmomin suka fito masa kamar ana zare ƙusa daga katako. Ta kwashe kayan bahon ta zuba a injin, ta kawo shayi, kofin farko ta miƙa wa mijinta. Mai Rediyo ya sha nasa da zafinsa, ya ce zai kama hanya kafin bas ya cika. A bakin ƙofa ya ce mata ta riƙa shafa man kaɗanya a yatsun, ta ce ai mijinta ya sayo mata wani na kanti.

A gida matarsa ta karɓi wandon za ta jiƙa, ta ɗaga shi ta duba. Ta ce abin mamaki, gwiwar wandon nan ta sake yin baƙi, daidai inda na wancan zuwan ya yi, kuma ita a saninta lungun injin Auta tayil ne mai tsabta. Ya ce bas ne. Ta dube shi ta daɗe, ta ce Allah ya sawwaƙe wa bas, ta jefa wandon a ruwa. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma kwana biyu shayinsa yana zuwa ba sukari.

Daga nan ya rataye jakar a ƙusa. Labari ya riƙa zuwa masa ta bakin matarsa, cewa Auta ta cika benen nasu da zancen mijinta ya canza wa inji bawul da hannunsa, har mata suna tambaya ko yana duba na waje. Mai Rediyo yakan ce su yi ta kai masa, shi me ya dame shi. Sai ya tashi ya fita ƙofar gida ya zauna, ya yi ta kallon masu wucewa har inuwa ta juya.

Wata yamma yana zaune a nan wayar ta yi ƙara. Lambar mai aski ce, wanda bai taɓa kiransa da kansa ba. Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a bayan labule. Bayan gaisuwa ya ce yana gidan maƙwabciyarsu ta hawa na uku, Auta ce ta kawo shi. Injin matar ya kulle ƙofa da kayan makarantar 'ya'yanta a ciki. Ya zare fulogi, ya tsiyaye ruwan ta ƙasa, ya wanke matata, ya jira, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Ya duba waya, duk abin da suka ce ya yi. Matar tana tsaye a kansa, kuma yana tsoron in ya ja da ƙarfi hannun ƙofar ya karye.

Mai Rediyo ya gyara zama. Ya san abin. Harshen makullin ne ya maƙale, kuma akwai yadda ake zagaya bakin ƙofar da siririyar igiya a ja ta baya ya saki. Amma bai faɗa ba.

“Auta ta san ka kira ni?”

“A'a, Baba. Matakala na fito.”

“Tana ina?”

“Tana ciki, ita da matar gidan.”

“To koma ciki. Ka tsaya kusa da ita, ka buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, sannan ka sake tambayata.”

Matarsa, wadda ta fito da tsintsiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce Allah ya shirye shi, tsoho da shi. Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. A cikin wayar ya ji takun silifa a kan matakala, ya ji ƙarar ƙofa, ya ji muryoyin mata sun matso. Mai askin ya yi gyaran murya ya maimaita tambayar tun daga farko, da ladabi, bai rage komai ba.

“Baba?” Muryar Auta ce. “Kai ne?”

Mai Rediyo bai yi gaggawa ba. Ya mayar da wayar ɗaya kunnen, ya miƙe ƙafa.

“Ni ne,” ya ce. “Ke, nemo mini igiya siririya mai ƙarfi, irin ta shanya. Ki riƙe masa tocila, ki gaya mini abin da kike gani.”